Wa Zai Iya Jira? Jinkirin Ibada a Lokacin Annoba

Masu iya magana kan ce in da rai da rabo. Da wannan magana ake rarrashin wanda wani alheri ya kuɓuce masa a yau, domin a tuna masa akwai gobe. To amma idan ran ne kansa yake shirin fita, da me za a rarrashi mai shi? Wannan ita ce tambayar da ta tsaya wa mabiya ɗarikar Katolika a wuya cikin shekarar 2020, sa'ad da annobar korona ta sa aka rufe majami'u, aka kuma ɗage manyan ibadunsu da suke kira sakaramenti. Mun ga ya dace mu dubi lamarin, domin abin da ke ƙarƙashinsa ya shafi kowane mai addini: yaushe ne jinkirta ibada yake zama hikima, yaushe kuma yake komawa sakaci?

Ya kamata mai karatu ya fara sanin abin da aka jinkirta. A wurin Katolika sakaramenti bakwai ne: baftisma, da tabbatarwa cikin bangaskiya, da karɓar gurasa mai tsarki, da furta zunubi gaban firist, da shafa wa majiyyaci mai, da naɗin firistoci, da ɗaurin aure. Kusan kowannensu sai jiki ya kusanci jiki. Ruwa ake zubawa a ka, mai ake shafawa a goshi, gurasa ake miƙawa a hannu ko a harshe, mai tuba kuwa raɗa yake yi kusa da kunnen firist. Tun a 2002 Fadar Batikan ta bayyana cewa ba a ba da sakaramenti ta intanet, haka nan furta zunubi ta wayar tarho bai inganta ba. Ke nan hanyar da mai bi yake neman alheri ta cikinta ita ce kuma hanyar da cutar take bi. Gaba kura, baya sayaki.

A Italiya an dakatar da sujadar jama'a tun farkon watan Maris na 2020, ba a komo ba sai ranar 18 ga Mayu. Ranar 27 ga Maris duniya ta ga marigayi Fafaroma Faransis yana addu'a cikin ruwan sama a dandalin majami'ar Bitrus, filin da ya saba cika maƙil ya zama wayam. Bikin Ista ya faɗo ranar 12 ga Afrilu, kuma a darensa ne aka saba yi wa manya masu shiga addinin baftisma bayan sun daɗe suna ɗaukar darasi. Aka ce su dakata. Yaran da suka shirya karɓar gurasa karo na farko, da masu niyyar aure, duk aka ce su dakata. A nan Nijeriya ma dokar zaman gida ta fara aiki a Legas da Abuja ranar 30 ga Maris, saboda haka Katolikan waɗannan birane a gida suka yi Ista.

Masu goyon bayan rufewa suna da hujja mai ƙarfi. Wanda ya ce shi ba ya tsoron mutuwa don haka a bar shi ya shiga taro, ya manta cewa ba ransa kaɗai ya ɗauko ba, ya haɗa da na tsohuwar da za ta zauna kusa da shi, da na mahaifin da zai koma wa a gida. Kyauta da kayan wani ba ta zama karamci, haka ma jarunta da ran wani. Bugu da ƙari, koyarwar ɗarikar kanta ta yi tanadin irin wannan rana. Tun ƙarni na 13 malaminsu Toma Akwinas ya koyar da cewa ikon Allah bai taƙaita ga waɗannan alamomi ba. Babban taron Tirento ya tabbatar a 1551 cewa cikakkiyar nadama, wadda ta haɗa da niyyar zuwa furta zunubi, tana sulhunta bawa da Ubangijinsa tun kafin ya isa gaban firist, kuma wannan hukunci ne Batikan ta tunatar da jama'a a Maris na 2020. Idan rai yana cikin haɗari kowa yana iya yin baftisma. Idan kuma aka hango za a yi wata guda ba a sami firist ba, dokarsu ta yarda a ɗaura aure gaban shaidu kawai. Tarihi ma ya ba da shaida: bayan an haramta addinin Kirista a Japan a 1614, wasu iyalai sun riƙe shi a ɓoye fiye da shekara 200 ba su ga firist ba, suna yi wa 'ya'yansu baftisma da kansu, har suka bayyana a Nagasaki a 1865.

Masu ƙorafi su ma ba da wasa suka zo ba. Suka ce an bar kantunan abinci a buɗe domin ciki ba ya jira, ashe an yanke hukunci ke nan cewa abincin ruhu shi ne mai iya jira? Suka kuma ji tsoron kada kallon sujada a talabijin ya zama jiki. Da babu gara ba daɗi, gaskiya ne, sai dai wanda ya daɗe a kan ba daɗi yakan manta ɗanɗanon daɗin.

Mu a ganinmu, gardamar a buɗe ko a rufe ta ɓoye ainihin maganar, domin ta ɗauki masu jira duka a matsayi ɗaya, alhali kuwa ba ɗaya suke ba. Yaron da aka ɗage masa karɓar gurasa ya yi hasarar watanni, ya kuma samu daga baya. Ango da amarya sun ji zafin ɗage biki, amma ranar ta zo. Majiyyacin da numfashinsa ke ƙarewa a ɗakin killacewa shi ba shi da daga baya. Idan aka ce masa ya jira, an hana shi ke nan, ko da da wane laushin harshe aka faɗa. Hujjar cewa rahamar Allah ba ta buƙatar hannun firist magana ce ta kwantar da hankalin wanda ya rasa, ba a yi ta don ta zama matashin kai ga wanda aka ɗora wa nauyin kaiwa ba. Makiyayin da ya fake da ita ya zauna a ɗaki ya mai da maganin wani ya zama uzurinsa.

Akwai waɗanda suka gane haka. Lokacin annobar da ta afka wa birnin Milan a 1576, babban bishof Karlo Boromeyo ya sa aka kakkafa wuraren sujada a mararrabar tituna, domin waɗanda aka kulle a gidaje su bi ta tagoginsu, firistoci kuma suna bi ƙofa ƙofa suna sauraron masu tuba daga bakin zaure. Ya kuma jagoranci jerin gwano cikin gari, abin da likitocin yau ba za su lamunta ba, amma abin koyi a wurinsa shi ne bai ɗauki rufe ƙofa a matsayin ƙarshen aikinsa ba. A 2020 ma an ga irin wannan. A biranen Shikago da Boston na Amurka an ware firistoci masu ƙarancin shekaru, aka koya musu sanya kayan kariya irin na ma'aikatan asibiti, suka riƙa shiga suna shafa wa majiyyata mai da ɗan tsinken auduga, abin da dokarsu ta yarda da shi in akwai babban dalili. A Bargamo, garin da cutar ta fi yi wa ɓarna a Italiya, bishof ya roƙi likitoci da masu jinya su sa wa masu mutuwa albarka inda firist ya kasa isa. Aikin ya ci rayuka, domin a ranar 9 ga Afrilu Fafaroma ya ambaci cewa firistoci fiye da 60 sun riga sun rasu a ƙasar.

Saboda haka muke cewa jinkirta ibada don kare rai halal ne, har ma wajibi ne a wani lokaci, amma bashi ne a wuyan wanda ya jinkirta. Ana biyan mai sauran kwana bayan annoba ta wuce. Wanda kwanansa ya ƙare kuwa sai a biya shi nan take, gwargwadon iko, ko da ta taga ne, ko da ta hannun mai jinya ne. Ma'aunin shugaban addini a irin wannan lokaci shi ne abin da ya yi bayan ya sa kwaɗo a ƙofa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci kan korona ranar 5 ga Mayu, 2023. Majami'u sun cika, yaran nan sun karɓi gurasarsu, an ɗaura auren da aka ɗage. Waɗanda suka tafi ba tare da an ce musu ko sannu ba, ba za a dawo da su a biya su ba. Abin da ya rage shi ne shugabannin addini da hukumomin asibiti su zauna tun yanzu da ake zaman lafiya, su daidaita a kan wanda zai shiga wurin mai mutuwa, da kayan da zai sa, da horon da zai samu. Annoba ba ta sallama, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.