Shawarar da Ba Ta Ɗaure Mai Mulki

Malaman fiƙihu sun daɗe suna saɓani a kan wata mas'ala wadda, a ganina, ita ce jigon maganar da ake yi yau ta sa bakin talaka cikin mulkin duniya ta hanyar intanet: idan shugaba ya nemi shawara, shin wajibi ne ya bi abin da jama'a suka rinjaya a kai, ko kuwa ya saurara kurum, sa'an nan ya zartar da abin da ya ga dama? Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya lissafa shawara cikin ginshiƙan mulki a Kitabul Farƙ, kuma ban fahimci cewa ado yake nufi da ita ba.

A nan Mahuta, kusa da matatar man Kaduna da aka buɗe a 1980, mai sayar da hatsi tana da waya a hannu, amma farashin man da ke kawo mata masara, da sharuɗɗan bashin da ƙasarta ta ci, duk ana yanke su ne a majalisun da ba ta taɓa zaɓen kowa a cikinsu ba. An dai taɓa tambayar irinta. Daga 2013 Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi mutane su zaɓi buƙatu shida cikin goma sha shida, ta intanet da saƙon waya da takarda, miliyoyi suka amsa, 'yan Nijeriya na cikin na gaba-gaba, ilimi da lafiya suka zo kan gaba, kuma a 2015 aka amince da muradu 17 na ci gaba. Wannan alheri ne, ba na raina shi, domin wanda aka tambaya ya fi wanda aka manta da shi daraja.

Sai dai na'ura ta sauƙaƙa isar da murya ne, ba ta taɓa ikon ƙullawa da warwarewa ba. Ƙasashe 193 ke zaune a Majalisar, amma a Kwamitin Sulhu biyar kaɗai, wato Amurka da Birtaniya da Faransa da Rasha da Sin, ke da ikon hawa kujerar naƙi, ta yadda ko da jama'ar duniya za su haɗu a kan kalma guda ta wayoyinsu, ɗaya daga cikin biyar ɗin ta isa ta rushe hukunci. Shi ya sa na karkata ga malaman da suka ce shawara tana lazimtar shugaba. Tun 2005, a wani taro da aka yi a Ezulwini, Afirka ta nemi kujeru biyu na dindindin a kwamitin nan. An ji, an rubuta, har yau ba a bayar ba.