GOBARA: ƘADDARA CE KO SAKACI?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Duk sa'ad da gobara ta tashi, abin da akan fara ji a bakin masu jaje shi ne, "Ƙaddara ce." Wannan magana gaskiya ce, domin babu abin da ke aukuwa sai da hukuncin Allah. Amma shin ƙaddara tana ɗauke alhaki daga kan wanda ya yi sakaci?

A dubi tsofaffin unguwannin birnin Daura, kamar na kewayen fadar Sarki da rijiyar Kusugu. Gida jingine da gida, lungu kuma ƙunci, ba ko'ina motar kashe gobara za ta iya shiga ba. Da yawansu gidajen gado ne: magada sun yi yawa, kowa na jiran ɗan'uwansa ya gyara. Azara ta tsufa, wayar lantarki ta zaizaye, ga kaskon garwashi a ɗaka lokacin hunturu, wani ma har da jarkar fetur a zaure. A irin wannan wuri, wutar mutum ɗaya ta unguwa ce baki ɗaya. Gobarar da ta ci Babbar Kasuwar Katsina a watan Maris na 2021 ta nuna yadda wuta kan yi a inda gine-gine suka cunkushe.

Shari'a ba ta yi shiru ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wani gida ya ƙone da dare a Madina, sai Manzon Allah (SAW) ya bayyana wuta a matsayin abokiyar gaba, ya kuma yi umurni da a riƙa kashe ta kafin barci. Shi ne mafi sanin ƙaddara, amma bai tsaya ga jaje ba, sai da ya nuna hanyar kiyayewa.

Malaman Malikiyya sun gina hukunci a kan wannan ruhi. A cikin Muhtasar na Shaihu Halil an ɗora ramuwa a kan wanda ya hura wuta a ranar iska mai ƙarfi ta yi wa wani ɓarna. Haka nan mai katangar da ta karkata, aka gargaɗe shi, yana da halin gyarawa ya ƙi, har ta faɗa wa wani. To, tsohuwar wayar da aka daɗe ana ganin tana tartsatsi, me ya raba ta da wannan katanga?

Saboda haka ƙaddara magani ce ga zuciyar wanda masifa ta sama, ba mafaka ba ce ga wanda aka gargaɗa ya yi kunnen ƙashi. Ya kamata magada su haɗa hannu su gyara gidan iyayensu, masu unguwanni su hana cin hanya da gini, limamai kuma su tunatar kafin hunturu ya kama. Wanda ya kashe garwashinsa da dare don tsoron cutar da maƙwabci, ibada ya yi.

Allah Ya kiyaye al'ummar Musulmi, amin.