Ladan Mai POS: Ina Iyakarsa?

'Yan'uwa, a farkon shekarar 2023, bayan Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin takardun naira 200, 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi wuya ƙwarai. Manomin Kafin Hausa, wanda ambaliyar 2022 ta riga ta cinye masa gona, sai ya sayar da akuya, a tura masa kuɗin ta waya, sa'an nan ya je gaban mai POS ya sayi nasa kuɗin da tsada. Masu sana'ar suka ce ba a tilasta wa kowa ba. Amma yardar mai jin yunwa, yarda ce?

Waliyyi Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya bambanta abu biyu. Mai sayarwa yana iya ƙara farashi saboda asarar da shi kansa ya yi. Wanda ya biya kuɗin mota zuwa Haɗeja, ya wuni a layin banki, ladansa halal ne, kada mu yi gunaguni. Amma matsuwar mai saye ba hajar mai sayarwa ba ce, balle ya sa mata farashi. Matar da ɗanta ke kwance a asibiti ba ta ƙara masa wahala ba. Gaggawarta kawai ya gani a fuskarta.

Ƙarancin ya wuce, sana'ar tana nan. Mai cire kuɗi ya tambayi lada kafin ya miƙa kati, ya danna lambar sirri da hannunsa, ya karɓi rasit ko da cinikin bai yi ba, gama da shi ake bin kuɗin da suka maƙale a banki.