Sitiyari da Kunamar Bindiga: Ran Wa Aka Sa a Caca?

A ƙasar Amurka akwai abubuwa biyu da mutane da yawa suke ɗauka alamar 'yanci: mota mai gudu da bindigar kare kai. Dukansu ƙarfe ne da ke ƙara wa ɗan adam ƙarfin da bai zo duniya da shi ba, dukansu kuma suna iya ɗauke rai kafin ƙiftawar ido. Idan doka ta yardar wa mutum ya riƙe irin wannan ƙarfi, me ya rage a wuyan lamirinsa?

Tarihin tseren motoci ya ba da haske a kan wannan. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, samari a kudancin jihar Kalifoniya suka riƙa gyara tsofaffin motoci, suna ƙara wa inji ƙarfi, wasunsu kuma suna gwada gudu a titunan jama'a. A shekarar 1951, Wally Parks, editan mujallar Hot Rod, ya kafa ƙungiyar NHRA. Bai ce samarin su daina son mota ba. Ya janye su zuwa fili na musamman mai tsawon mita 400 da 'yan kai, inda ake duba lafiyar mota kafin ta shiga, direba kuma ya sa hular kwano. Har yau makanike ko ma'aikacin ofis yana iya kai motarsa irin wannan fili a ƙarshen mako. Da direba Scott Kalitta ya mutu a tsere a jihar New Jersey a 2008, sai ƙungiyar ta rage tsawon filin ga motoci mafi gudu zuwa kusan mita 305, gama ta ga rai ya fi al'ada daraja.

Gudun da ake yi a fili da wanda ake yi a titi duk ɗaya ne, amma hukuncinsu a gaban lamiri ya bambanta. Wanda ya shiga fili ya san haɗarin, ya kuwa amince da shi. Mai tsere a titi kuwa ya sa ran mai tsallake hanya a caca ba tare da ya tambaye shi ba.

Da wannan ma'auni za a iya auna bindiga. Gyara na biyu ga tsarin mulkin Amurka, na 1791, ya ba da haƙƙin riƙe makami. A 2008 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa mutum yana da haƙƙin ajiye bindiga a gida domin kare kansa, ta kuma ce haƙƙin yana da iyaka. Tsohuwar ƙa'ida a wurare da dama ita ce, wanda aka tare shi a waje ya kauce idan yana da hanya, kafin ya kai ga kisa. A 2005 jihar Filorida ta ɗauke wannan wajibi, jihohi da yawa kuma suka bi sahunta.

A can Filorida ne, a wani gidan mai a birnin Jacksonville, a watan Nuwamba 2012, Michael Dunn ya yi cacar baki da wasu samari saboda ƙarar kiɗan da ke fitowa daga motarsu. Ya ɗauko bindiga daga cikin tasa motar, ya yi harbi sau goma, ya kashe Jordan Davis, ɗan shekara 17. Ya ce kare kansa ya yi, amma ba a sami makami a motar samarin ba, kuma a 2014 aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Sitiyari yana gabansa, yana da ikon ja da baya ya tafi. Sai ya hau dokin zuciya.

Masu goyon bayan riƙe bindiga suna da hujja mai nauyi. Tsohuwar da ke zaune ita kaɗai, ko manomin da 'yan sanda suke nesa da shi, ba za a ce su miƙa wuya ga mai kisa ba. Kare rai, musamman ran marasa ƙarfi, aiki ne na ƙauna. Sai dai Littafi Mai Tsarki ya sa wa wannan iyaka tun dā. A Fitowa sura 22, wanda ya kashe ɓarawon da ya fasa gida da dare ba shi da alhakin jini, amma idan rana ta fito alhakin yana kansa. Da dare mai gida bai san abin da ke gabansa ba; da rana yana da wata mafita, ran ɓarawo ma rai ne. A ƙarni na 13 Toma Akwinas ya bi wannan hanya: kare kai ya halatta idan nufin mutum shi ne tsirar da ransa, kuma bai yi amfani da ƙarfin da ya wuce bukata ba.

Saboda haka, yardar doka ba ta sauke wa mutum nauyin maƙwabcinsa. Direban tsere na ƙwarai yana koyon taka birki kafin ya koyi taka totur, yana kuma bari a duba motarsa ba tare da ya ɗauki hakan raini ba. Haka ya kamata mai bindiga ya yarda da horo da bincike, ya kulle makaminsa inda yara ba za su kai ba, ya zama na farkon barin wurin da faɗa ya kunno kai. Wanda yake da ikon kisa a aljihu ya fi kowa wajibin haɗiye zagi.

Irin wannan shawara tun cikin natsuwa ake yanke ta, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ƙafa ta taka totur, kafin yatsa ya taɓa kunama, sai mutum ya riga ya amsa wa kansa: ran wa zai biya idan na yi kuskure? Motar da ta lalace tana da makanike, amma wanda aka binne ba ya dawowa gidan uwarsa.