TAURARON DA AKE HAIFA A GUJE



Wani ɗalibi ya turo min bidiyon nan da ke yawo a WhatsApp, mai ƙara ƙwas-ƙwas kamar ana buga ƙofa, an rubuta wai wannan shi ne Aɗ-Ɗariƙ da Allah Ya rantse da shi. Ya ce, Malam, haka ne?

To mu san abin tukuna. Masana na ce masa pulsa. Wata ɗaliba, Jocelyn Bell, ta fara gano shi a Cambridge ta Ingila a 1967. Idan ƙaton tauraro ya ƙare makamashinsa sai ya tarwatse, cikinsa ya dunƙule ya koma kamar kilomita 20 a faɗi, amma ya fi rana nauyi. Fashewar ba ta fita daidai ta ko'ina, wani ɓangare ya fi ƙarfi, sai ta hankaɗa shi kamar yadda bindigar toka ke naushin kafaɗar maharbi. Daga nan fa sai gudu. Da yawansu na cin kusan kilomita 400 a daƙiƙa ɗaya, wasu sun haura 1,000.

A daƙiƙa fa, ba a awa ba. Kai da kake tsayawa a Kwanar Dangora kana salati idan direba ya taho daga Zariya yana taka 140, wannan kafin ka rufe baki ya bar Kano ya kai Abuja. Kuma ba birki. Amma saboda tsananin nisa, sai an yi shekaru ana auna shi da na'ura kafin a ga ya ɗan gusa. Subhanallah!

Sai batun ƙwanƙwasar. 'Yan uwa, babu iska a can da za ta ɗauko sauti. Tauraron juyawa yake, yana haska siginar rediyo kamar fitilar motar 'yan sanda, mutane ne suka mayar da ita ƙara a kwamfuta. Malaman tafsiri kuwa sun fassara Aɗ-Ɗariƙ da tauraro mai bayyana da dare, domin haka Larabawa ke kiran mai zuwa da dare. Na ce wa ɗalibin ya kalli halittar ya yi tasbihi, wannan ibada ce. Amma ya ce "abin da ayar ke nufi ke nan", wannan magana ce a kan Allah, ba a yin ta da hujjar bidiyo. Ya ce ai ya riga ya tura wa guruf uku. Na ce ya koma ya gyara.