Kumburin Ciki Bayan Buɗa-Baki

Ciki na kumbura bayan buɗa-baki, sai neman magani. Wasu har ƙwayoyin homiyofati suke saye, hanyar da likitan Jamus Samuel Hahnemann ya fito da ita a 1796. Surka maganin ake yi da ruwa har kusan ba abin da ya saura, bincike kuma bai tabbatar yana warkarwa ba. Kuɗin cefanenki ne fa!

Hadisin da Tirmizi ya ruwaito daga Miƙdamu ya kasa ciki uku, har da kason numfashi. Wannan kason muke cinyewa da ƙosai da kunu. Ki rage zubi, kar ki kwanta da ƙoshi, shayin citta ma yana taimakawa. In ƙwannafi ya yi makonni, ki je asibiti, ƙila gyambon ciki ne.

Allah Ya ba mu lafiya.