Garin Neman Gira

Akwai wata cacar kati da Amurkawa suka shahara da ita, suna kiranta foka. A wani nau'inta ana raba wa kowane ɗan wasa kati bakwai, uku a kife, huɗu a buɗe kowa yana gani. Caca haramun ce, kuma ban kawo zancen don in koya wa kowa ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wata magana da gwanayen wasan suka yi ittifaƙi a kanta: mai mummunan kati ba ya yin babbar asara, domin tun da wuri yake zubarwa ya tashi. Wanda ake kwashewa tas shi ne mai riƙe da sarakuna uku, yana ganin katunan abokin karawarsa huɗu a fili duk zane ɗaya, yana ganin mutumin yana ƙara kuɗi ko gezau, amma ya kasa sakin nasa, saboda kyan abin da ke hannunsa ya rufe masa ido.

Wannan ita ce haɗama, kuma a ƙasar Daura mun ga irinta da buhunan hatsi.

Kowa ya san yadda abin ya faro. A ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya cire tallafin man fetur, darajar naira ta zube. A watan Yuli sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum a Nijar, aka rufe iyaka, Kwangwalam da Mai'aduwa suka yi tsit har zuwa Maris na 2024. Zuwa Yunin 2024, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. Magidancin da ya saba ajiye buhu ya koma awon tiya, mai awon tiya ya koma gwangwani. A daidai lokacin ne duk wanda ya cika ɗaki da gero, dawa, masara ko wake ya wayi gari da kati mai ƙarfi a hannu. Wasu sun sayar, sun ci riba mai tsoka, sun gode wa Allah. Wasu kuwa ribar ta buɗe musu ciki, da kaka ta zo suka sake saye da tsada, suka datse da kwaɗo suna jiran bazara ta ninka musu.

Na ga wani dillali ya durƙusa a ƙofar sito gaban wani attajiri, ya ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, ka saki ko da rabi ne. Na samo mai saye, kuɗi a hannu, kasuwar nan ta fara sanyi." Alhaji ya yi murmushi, ya bubbuga buhu da tafin hannu, ya ce, "Yaro man kaza. Bari dai azumi ya kama." A bayansa buhuna ne jere har rufi, an sa musu ƙwayar maganin ƙwari, warinta har waje. Azumi ya zo ya wuce, farashi ya ƙara yin ƙasa. Ya ce sai damina ta faɗi. Da damina ta faɗi, wake ya fara huda, in ka zura hannu a buhu gari ne ke biyo yatsunka.

Ba a ɓoye masa komai ba. Tun Fabrairun 2024 hukumar yaƙi da cin hanci ta Jihar Kano ta rufe wasu rumbunan ajiya a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. A watan Yuli gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar kwana 150 na shigo da masara, alkama, shinkafa da wake ba tare da haraji ba. A farkon Agusta matasa suka fito zanga-zangar yunwa a Kano da Katsina da sauran garuruwa. Manoma kuma, da suka ga tsada, sun faɗaɗa gonaki. Ga babbar alama wadda ba ta buƙatar rediyo: talaka ya kai maƙura, ba shi da abin da zai ƙara. Duk waɗannan a buɗe suke. Zuwa kakar 2025 buhun masara bai kai rabin kuɗin da ya yi a ganiyar tsada ba, gero da dawa suka bi sahu.

Hausawa suka ce garin neman gira an rasa ido. Ina yawan juya wannan magana a raina, domin ta san mutumin nan ciki da bai. Ba ta yi zancen makaho mai neman gani ba. Mai ido take nufi, wanda Allah ya riga ya ba shi babban abu, lafiyayye, yana amfani da shi. Gira kuwa ado ce, in babu ita rayuwa ba ta tsayawa. Alhajin nan yana da idonsa: uwar kuɗinsa tana nan, riba ta hau kai, mai saye na tsaye a ƙofa. Ƙarin da yake hange shi ne girar. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne da hannunsa ya tsone idon, mako bayan mako, duk ranar Lahadi labarin kasuwar Mai'aduwa na iso masa yana cewa za ta tashi. Daga baya ma ba ribar yake jira ba. Kunya ce ta riƙe shi, kada a ce Alhaji ya sayar a ƙasa da yadda ya saya, kada yaron da ya ba shi shawara ya zama shi ne mai gaskiya.

Jama'a, mu ji tsoron Allah. Me ya sa wannan kaya ya yi ƙarfi tun farko? Yunwar maƙwabci ce ta ƙarfafa shi. Duk naira ɗaya da mai ɓoyo yake jira ta ƙaru, daga tukunyar wata bazawara za ta fito, daga kwanon almajiri, daga albashin malamin firamare da ba ya kai tsakiyar wata. Hadisi ingantacce da Imamu Muslim ya ruwaito ya bayyana mai ɓoye abinci da cewa mai saɓo ne, limamanmu kuma sun yi ta faɗa a kan mumbari. Yaya mutum zai tsaya a sahun farko, ya yi amin da addu'ar Allah ya kawo sauƙi, alhali makullin ɗakin da ya sa zuciyarsa ke fatan kada sauƙin ya zo yana cikin aljihunsa?

Ban haɗa da manomin da ya ɗaure damman geronsa ya zuba a rumbu don cimar iyalinsa ba. Wannan tanadi ne, da shi kakanninmu suka tsallake shekarun fari. Shi ma faɗuwar farashin ta buge shi ba da laifinsa ba, ya sayi taki da tsada ya sayar da amfani da araha, kuma wajibi ne gwamnati ta dube shi kafin ya yi zuciya da noma.

Asarar mai haɗama kuma ba a kansa kaɗai take ƙarewa ba. Da yawa daga cikin buhunan nan ba da kuɗinsa aka saya ba. Akwai adashin matan aure a ciki, akwai kuɗin sallamar ɗan fansho, akwai gadon marayu da aka ba shi amana don ya juya. Waɗannan ba su ga lokacin da mai saye ya zo aka kore shi ba, ba a kuma tambaye su ko a saki ba. Yanzu su ne ke sintiri tsakanin ƙofar gidansa da ta mai unguwa, ana ce musu su yi haƙuri, kasuwa ce ta gaji haka.